Abin da Kaka Ba Ta Iya Haɗiyewa

A ofishinmu, duk wanda shirinsa na kwamfuta ya faɗi a kan Kaka, shi zai sauka da ƙafarsa ya ɗauko filo. Kaka ita ce tsohuwar babbar kwamfutarmu, mai tsayin mutum da faɗin firij biyu, tana zaune a ɗakin ƙasa cikin sanyi. Filo kuwa tulin takardu ne da take amayarwa idan shiri ya mutu a cikinta: duk abin da ke ƙwaƙwalwarta a lokacin, lambobi zalla, shafi bisa shafi. Ana iya karanta shi a allo, kowa ya sani. Amma al'adar gidan ita ce a buga shi, ka rungumo shi ka hau bene, ka ratsa tsakanin tebura, ya zauna a gabanka har sai ka gano ɓarnarka.

Ni da aka ɗauke ni aiki, ko damar yin ɓarnar ba a ba ni ba. Da digirina na kwamfuta, da sakamakon da malamaina ke nuna wa 'yan baya, Manaja ya ajiye ni a teburin waya bakin ƙofa. Asibitoci muke yi wa aiki. Shirinmu ne ke tsara musu layin marasa lafiya kowace safiya, wa zai ga wane likita, a wane ɗaki. Idan abu ya tsaya su kira, ni kuma in ce, "Ku yi haƙuri, ana dubawa." Mazan ofis suka sa mini suna Digiri. "Digiri, wayarki na kuka." In miƙe in ɗauka kamar ni na ƙera ta.

Babban asibitin gari ne ya fi kira. Layinsu ba ya fitowa sai rana ta ɗaga, mutane na zaune a benci tun sassafe. Ga shi kuwa sabuwar kwamfuta gare su, irin tamu ta sama da muke kira 'Yar Gayu, wadda ta san umarnin da zai yi aikin cikin ƙiftawar ido. Amma ba ma amfani da umarnin. Akwai wani ƙaramin asibiti a bayan gari mai kwamfuta sa'ar Kaka, shiri ɗaya kuma muke ba kowa. Da asambula aka rubuta shi, yaren da ya fi kusa da ƙarfen inji, layi ɗaya umarni ɗaya, kuma tsohon inji idan ya ci karo da umarnin da bai sani ba, nan take yake kashe shirin. Saboda haka dokar gidan: abin da Kaka ba ta iya haɗiyewa, ba a rubuta shi.

Ranar da Manaja da mazan ofis suka zauna a kan ƙorafin babban asibitin, daga bakin ƙofa na sa baki.

"Ranka ya daɗe, a yi hanya biyu mana."

Manaja ya juyo kamar kujera ce ta yi magana.

Na ce, "Kaka ba ta shaƙewa da umarnin da ke kwance a cikin shiri, sai wanda ta taka. Shirin ya fara tambayar injin me ya iya. In sabo ne a bi sabuwar hanya, in tsoho ne a bi ta da."

Wani mai gemu da ke zama kusa da taga ya ce, "Ashe waya ma tana koyar da asambula."

Manaja ya dube ni. Ya ce, "Ki gwada. Amma wayar tana nan a hannunki. Idan ƙarshen wata ya yi Kaka ba ta karɓa ba, magana ta ƙare, kada in sake jin bakinki a kan aikin da ba naki ba."

Na rubuta shi tsakanin kira da kira. A kan 'Yar Gayu ya tashi kamar an sako shi daga mari, layin da ke cin safiya ya fito kafin in gyara zama. Na aika wa Kaka ina murmushi. Murmushin bai gama buɗewa ba ta kashe shi.

Na sauka ɗakin ƙasa. Firinta na ta tofar da takarda, ni ina tsaye sanyi na shiga ƙashina. Na rungumo filon, ya kai mini har haɓa. Da na shigo sama sai mai gemu ya fara buga tebur a hankali, saura suka kama.

"Digiri ta haihu! Namiji ne ko mace?"

Na ce, "Ya fi naka na bara nauyi ko bai kai ba?"

Aka kwashe da dariya, wannan karon ba a kaina ba. Na dire shi kusa da waya.

Kawu ne kaɗai bai buga tebur ba. Shi ne dattijon ofis, tare da Kaka aka kawo shi, in ji masu tsokana. Ya zo ya ajiye mini rula ta ƙarfe a kan filon.

Ya ce, "'Yata, da wannan ake bi, in ba haka ba ido zai tsallake layi. Sababbin umarnin nan naku ban san su ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Nawa filon ya fi naki tudu ranar farko."

Na shiga karatu. Rula a hannun dama, waya a kafaɗa. "Ku yi haƙuri, ana dubawa," sai dai yanzu da gaske nake. Lambobi suka riƙa bina gida. Yayata, wadda nake zaune a wurinta, ta ga ina murza ido a kan abinci.

"Ke dai da taurin kai aka yanke miki cibiya. Wa ya aike ki? Ki zauna kan wayarki mana, ai ba ta cizo."

"Yaya, da in ci gaba da ba mutane haƙuri gara in makance."

Ta ture mini kwano. "To ci, kada ki makance da yunwa."

Duk zatona Kaka ta ɓata hanya ta faɗa sabon ɓangaren, can nake ta tono. Kwanaki na tafiya, mai gemu na tambayata ko jariri ya fara zama. Sai da na haƙura na koma na bi adireshin inda shirin ya mutu, lamba bayan lamba, na ga ko ƙofar sabuwar hanyar bai kai ba. A kan tambayar ya mutu. Umarnin da ake tambayar inji me ya iya, shi kansa bayan Kaka aka ƙirƙiro shi. Da baƙon yare na tambaye ta ko tana jin baƙon yare.

Na kai wa Kawu. Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari.

"To yanzu ya za ki tambaye ta?"

"Ba zan tambaye ta ba."

Na riga na gani a shafukan farko na filon. Duk lokacin da aka kunna inji, babban shirin da ke tafiyar da shi yana ajiye alamu a wani sanannen gurbi a farkon ƙwaƙwalwa, kowace alama da abin da take nufi injin ya iya. Leƙa gurbin ba ya bukatar komai sai tsohon umarnin da Kaka ta sani tun tana budurwa. A wurinta alamar da nake nema sifiri ce. Na mayar da wannan leƙen gaba da komai: in alamar na nan a yi tambaya, in babu a wuce shiru ta tsohuwar hanya.

Kaka ta karɓa. Ba ta yi sauri ba, ba ta yi jinkiri ba, ta fitar da layinta daidai yadda ta saba.

Da safiyar da aka sa shirin a asibitocin biyu, na mayar da filon ƙasa da kaina, na dawo na ja kujerata zuwa teburin da ke kusa da na Kawu. Ba wanda ya ce in yi, ba kuma wanda ya ce kada in yi. Babban asibiti bai kira ba, karo na farko tun zuwana.

Wajen hantsi waya ta yi ƙara. Ƙorafi ɗaya daga ƙaramin asibiti ya isa ya mayar da ni bakin ƙofa.

Mai gemu ya ce, "Digiri, wayarki."

Ban ɗaga kai ba. Ban kuma tashi ba. Wayar ta yi ta kuka har Manaja ya fito da kansa ya ɗauka. Ya saurara, ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya dube ni.

"Ƙaramin asibiti ne. Wai an ce musu yau za a canza shiri, suna ta jira, yaushe za a sa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ce musu da shi suka yi aiki tun safe."

Ya faɗa musu, ya ajiye. Ya dubi teburin wayar da babu kujera, ya dube ni, ya koma ofishinsa.

Kawu ya matso da kujerarsa. "To, 'yata. Nuna mini wannan sabuwar hanyar, amma a hankali."

Na miƙa masa rularsa.