Batirin da Namadi Ya Cire

Ƙarfe takwas da rabi Lauratu, mai kula da na'urori, ta iso cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Kalgo, ta tarar da kwamfutoci arba'in da ke zaure sun yi tsit, ɗalibai kuwa sun cika tsakar gida. Babu faifan ajiya a cikin ko ɗaya. Duk ta waya suke karɓar abin tashi daga saba, babbar na'urar ƙuryar ɗaki. Alhaji Sambo mai wurin ya riga ya gaya mata: in tara ta buga ba su tashi ba, ta nemi wani aikin.

A ƙuryar ta tarar da Namadi, mai gyara daga Gwandu, wanda ya fasa aurenta bara don ta ƙi barin aiki. Alhaji ne ya kira shi tun da safe, wai fankar sabar tana ƙara. Zuciyarta ta buga kamar ganga, ta tsani kanta saboda haka.

"Malama injiniya," ya ce yana murmushin mugunta, "sabarki ta mace."

"Wa ya ce ka buɗe ta?"

Ta duba 'yar fitilar lambobi da ke jikin babban allon na'urar. Lambobin sun wuce gwajin ƙwaƙwalwa lafiya, suka tsaya cak a AE, matakin neman inda za a tashi. Sai ta hango ɗan batiri mai kama da kwabo a kan tebur.

"Ka cire batiri?"

"Na sa sabo. Haka nikai ma kowace kwamfuta, shekara goma."

"Wagga ba kwamfutar kantin hoto ba ce! Ka goge mata saiti kaf. Yanzu ita ma ta waya take neman abin tashi. Mai tuwo ta zauna jiran a kawo mata tuwo!"

"Bakinki dai, shi ya hana ki miji."

"Hannunka ya hana ka ciniki. Matsa."

Ta shiga saitin allon, ta mayar da faifan sabar a gaba don ta tashi daga shi, ta gyara kwanan wata. Lambobi suka ruga. A zaure kwamfutoci suka soma haske ɗaya bayan ɗaya, tara saura minti huɗu.

Alhaji ya leƙo. "Madalla, Namadi!"

Namadi ya karɓi yabon. Lauratu ta zare wayar sabar ta riƙe a hannu, kwamfutocin zaure suka sake yin tsit.

"Alhaji, ka ce mishi ya tashe su."

Namadi ya dubi wayar, ya dubi agogo, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ta mayar da wayar, kwamfutocin suka sake tashi, idonta na zafi.