Manaja Ta Daina Ƙwai

Tun da aka sallame ni daga ɗakin wanki na otal, da ƙwai ɗaya nake rayuwa. Ƙwai ɗaya, guntun burodi, ruwan shayi. Kada ku wani tausaya min, na iya lallaɓawa: farin da safe, gwaiduwar da yamma.

Mai ba ni ƙwan wata jar kaza ce. Na raɗa mata Manaja saboda tafiyarta sak ta tsohon manajanmu, ƙirji a gaba, ido na neman laifi. A kwandon wanki take kwana, bayan ƙofa. Ɗana yana wani gari, wayarsa kullum a kashe, maƙwabta kuwa sai gaisuwa daga nesa. Don haka Manaja nake ba labari. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ce min "Iya, ai kin faɗa jiya" ba.

Kwatsam ta daina ƙwai. Gashinta ya yi ta zuba. Kullum in zura hannu a kwandon in fito da shi wayam, har kwana goma sha bakwai. Na yi lallashi, na yi zagi, burodin ma raba shi muke.

Ran nan na je ɗiban ruwa, jiri ya kwashe ni, na zube a bakin famfo. Mai gyaran takalma na ƙofar gidanmu ya ɗaga ni.

"Iya, yunwa ce fa. Ga nama yana yawo a ɗakinki."

"Kai, ka kiyaye ni!" na ce.

Amma washegari ni da kaina na miƙa masa ita ya yanka. Ko motsi ba ta yi ba, ta saba da hannuna. Na juya ina kallon bango.

Na fige ta, na buɗe cikin. Wayyo! Ga gwaiduwa nan a jere, manya da ƙanana, ga ƙwai ɗaya har ya yi ɓawo. Da na ƙara haƙurin kwana ɗaya, da a kwando zan same shi.

Naman na ci, ina ci ina kuka, don ba a zubar da abinci. Ƙwan na dafa shi daban. Na buɗe baki zan ce, "Manaja, ashe ɓoye min kika yi?" sai na ga kwandon nata wayam.

Na ci farin da safe. Gwaiduwar na rufe ta da kofi, ta jira yamma.