Faifan Kallamu Mai Kukuma

Duk Asabar bayan la'asar, Malam Uwaisu yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya jingina rediyo da butarsa, ya jira shirin Najib. Wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kano ne ke watsa shirin, a cikinsa kuwa Najib yana ba masu tara fayafayan garmaho shawara: ga wanda ya fito sabo, ga tsohon da aka sake bugawa, ga wanda bai cancanci a ɓata allura a kansa ba. A duk Gidan Ɗinya, ƙauyen da ke can gefen Makoda, babu mai sauraron wannan shiri sai Malam Uwaisu.

Yana da dalilinsa. Najib ɗalibinsa ne tun yana hedimasta a firamaren garin, kuma a ɗakinsa yaron ya fara ganin garmaho. Mahaifin Malam Uwaisu ɗan awon gyaɗa ne a Ɗanbatta a zamaninsa, duk zuwansa Kano sai ya dawo da faifai, har ya bar wa ɗansa adaka biyu cike. Malam Uwaisu ne ya koya wa Najib a riƙe faifai ta baki-baki, kada yatsa ya taɓa layukansa, a jera shi a tsaye, a nisanta shi da rana. Shi ne kuma ya koya masa cewa in kana son sanin mawaƙi, ka saurari 'yan amshinsa.

A wannan Asabar ɗin ruwa ya ɗauke tun azahar, gyaɗa ta yi shar a gonakin da suka zagaye gidaje. Najib ya fara da sabon faifan wasu samari masu gurmi daga Damagaram. Ya ce bugun ya yi kyau, faifan yana da nauyi a hannu, amma mai ganga ya danne murya a waƙa ta biyu. Malam Uwaisu ya gyaɗa kai, kamar yana duba jarrabawa. Sai Najib ya koma kan wani tsohon kiɗan kalangun mahauta da aka sake bugawa, ya ce wanda yake da na asali kada ya wahalar da kansa, masu sabon bugun sun goge ƙarar ƙura har sun goge daɗin.

"Ka yi gaskiya, ɗan nan," in ji Malam Uwaisu, shi kaɗai.

"Na uku kuwa, masu sauraro," in ji Najib, "shi ne abin alfaharina a bana. Faifai ne da aka zaci ya ɓace daga duniya. Ni na gano shi, wani kamfani a ƙasar waje ya sake buga shi, ya iso Kano a makon nan. Kallamu Mai Kukuma! Kuma abin mamaki, mutumin yana nan da ransa, shi ne limamin Gidan Ɗinya."

Kukuma ta ɗauka. Malam Uwaisu ya san kowace ƙara a cikinta, har da ɗan kartar da ke farkon waƙar, wanda shi da kansa ya jawo ranar da allura ta kuɓuce masa. Ya miƙa hannu zai kashe rediyon, hannun ya tsaya a hanya. Murya matashiya, siririya, ta fito tana cewa Fanna mai wuyan barewa, wa ya raka ki rijiya, Mati mai keke ne ya raka ki, tulu ya dawo babu ruwa.

Matarsa Rahmatu ta leƙo daga zaure da taɓarya a hannu.

"Malam, wannan ba faifan da kake rufe ƙofa a kansa ba ne?"

Ya ɗago. "Kin san shi?"

"Bangon ɗakinka na ƙasa ne, ba na ƙarfe ba. Shekara da shekaru ina ji, ina yin kamar ban ji ba. Yaya aka yi ya shiga rediyo?"



Labarin faifan kuwa ga shi. Kallamu ɗan malamai ne, mutanen gabas da suka daɗe da zama a ƙasar Kano. Da ƙuruciya ya ɗauki kukuma, ya zama shi ne mai kiɗan dandali, inda 'yan mata ke wasa bayan kaka. A irin wannan waƙa mawaƙi yakan kama sunan budurwa, ya yabi wuyanta da tafiyarta, ya ambaci saurayin da ake raɗe-raɗinsa, a yi shewa a watse, iska ta kwashe. Amma wani ɗan kasuwa ya kai Kallamu aka ɗauki muryarsa, aka buga 'yan fayafayai kaɗan, abin da iska za ta kwashe ya zauna. Da mahaifinsa ya rasu, Kallamu ya ajiye kukuma, ya tafi karatu, ya dawo malami. Ya bi kasuwanni da gidaje yana karɓar fayafayan nan yana fasawa. Na gidan su Uwaisu ne ya rage. Uwaisu, lokacin yana sabon malamin makaranta, ya roƙe shi har da durƙusawa.

"Riƙe shi amana," in ji Kallamu a ranar. "Ka ji a ɗakinka, ƙofa a rufe. Ba don ni ba. Yaran da na kama sunansu matan mutane ne yanzu."

Fannar waƙar nan ita ce Hajiya Fanna ta yau, shugabar Islamiyyar matan aure, mai jikoki cike da gida. Kuma ba Mati mai keke ta aura ba.

Bara da rani Najib ya zo gaisuwa. Malam Uwaisu yana jin daɗin ɗalibin da ya fi shi sanin abin da ya koya masa, daɗin ya kwashe shi, ya rufe ƙofa ya saka masa faifan. Ya gaya masa komai, har da maganar amana. Najib ya ɗaga faifan ga haske, ya ce ƙura ta cika layukan, in aka bar shi haka allura za ta cinye shi, amma yana da injin wanki a Kano. Ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, ni ne fa. Babu kunnen da zai ji." Ya dawo da shi fes, a sabon kwali, Malam Uwaisu ya yi ta sa masa albarka.

Washegarin shirin, da Malam Uwaisu ya fito sayen burodi, ya tarar da waƙar ta riga shi zuwa teburin mai shayi. Wani ya turo wa Sabiru mai cajin waya ita daga Kano, samari sun kewaye shi.

"Wallahi Liman ne! Ji yadda yake jan murya, kamar a sallar asuba."

"Kai, rufe bakinka. Wai wace Fannar?"

"Fanna nawa ce a garin nan?"

"To tulun me ya hana shi ruwa?"

Aka kwashe da dariya. Da suka ga Malam Uwaisu sai suka yi tsit, suka gaishe shi da ladabi, ya amsa, ya juya babu burodin.

Da hantsi Najib ya iso, ɗan acaɓa ya kawo shi daga Makoda. Ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya durƙusa, ya yi gaisuwa yadda aka koya masa, sannan ya zaro wani abu daga jaka da hannu biyu. Kwali ne mai sheƙi, da hoton Kallamu yana saurayi, hula a karkace, kukuma a ƙirji.

"Na farko da na buɗe naku ne, Malam. Ku ji nauyinsa. Sun fito da 'yan amshin nan tas, kamar suna ɗakin."

Malam Uwaisu bai karɓa ba.

"Najib, me na gaya maka ranar da na ba ka?"

"Malam..."

"A'a, ina tambaya ne kamar a aji. Me na ce?"

"Kun ce amana ne."

"Kai kuma ka ce me?"

Najib ya ajiye kwalin a kan tabarma. "Malam, ku duba ta wani gefen. Faifai ɗaya ne tak a duniya. Gobara, ko gara, ko jika ya zauna a kansa, shi ke nan an rasa. Ku ne kuka koya mana darajar tarihi. Yanzu ana jin kukumar Gidan Ɗinya a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Makoda ba. Kuma kamfanin ya ware wa Baba Liman haƙƙinsa, ba cinye shi za a yi ba."

"Ka tambaye shi?"

"Da na tambaya zai ce a'a."

"Ashe ka sani."

Najib ya kau da kai. Akuya ta leƙo zauren, ta juya.

"Hajiya Fanna fa? Ita ma an ware mata?"

"Malam, waƙar ƙuruciya ce fa. Abin da ya wuce tun kafin a haife ni. Wa zai ɗauke ta da zafi?"

"A Kano babu. A Kano suna ne a cikin waƙa. A nan kuwa ita ce ke koya wa mahaifiyarka karatu ranar Alhamis." Malam Uwaisu ya yi maganar a hankali, yadda ya saba, bai taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba, yau ma bai ɗaga ba. "Da ka ce mini kuɗi kake so, da na ba ka adaka guda ka sayar. Akwai waɗanda suka fi wannan kyau a ciki, ka san su. Amma ka zauna a nan, ka ci tuwon Rahmatu, ka dafa ƙirji. Ka dawo mini da shi na sa maka albarka, ka ce amin, alhali ka riga ka kwafa."

"Ban yi da mugun nufi ba, wallahi."

"Na yarda. Ɗauki kayanka."

"Malam, ku riƙe ko don..."

"Ɗauki kayanka, Najib. Allah ya kiyaye hanya."

Bai raka shi bakin ƙofa ba, abin da bai taɓa yi wa baƙo ba. Ya zauna har ƙarar babur ta ɓace, sannan ya shiga ɗaki ya sa babbar riga, ya nufi gidan Liman ta hanyar bayan gari, tsakanin gero da ya kai kafaɗa, don kada ya sake bi ta gaban mai shayi.

Liman Kallamu yana zaune a zaurensa a kan buzu, ƙafafu a miƙe saboda ciwon gwiwa. Masu ɗaukar karatun safe babu ko ɗaya, littattafai a rufe a gefe. Malam Uwaisu ya gaishe shi, ya zauna nesa da inda ya saba zama.

"Allah gafarta Malam, na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka. Kamaruddeen ɗan Hajiya Fanna ya riga ka. Bayan asuba ya tsaya a nan, a tsaye, ya saka mini a waya. Bai zage ni ba, yaron kirki ne. Ya ce dai in ji, na ji." Liman ya shafa gemunsa. "Ashe haka muryata take. Na manta."

"Laifina ne. Na ba wani aro."

"Wa?"

"Najib na gidan Wanzamai."

"Me ya sa?"

"Ɗalibina ne. Na yarda da shi."

Liman ya dube shi tsawon lokaci, ba da fushi ba, da wani abu da ya fi fushi nauyi.

"Ranar da ka durƙusa mini, dutse yana hannuna, Uwaisu. Na fasa na kowa. Na fasa na yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana kuka. Naka na bari."

Malam Uwaisu ya sunkuyar da kai. Ya ce zai kawo faifan yanzu, ya fasa shi a gabansa.

"Ka fasa me? Yana cikin aljihun kowane yaro a garin nan. Bar abinka, ka ci gaba da ji." Ya laluba sandarsa. "Na aika wa na'ibi ya ja azahar. Ban san wa zai iya bin sallata yau bai tuna rijiya ba. Wannan nawa ne, ni na yi waƙar. Amma ita ba ta yi komai ba, ban da zuwa ɗiban ruwa. Kama ni in tashi."

Malam Uwaisu ya kama shi. Tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Ina za mu, Allah gafarta?"

"Gidanta. Kuma ba ta bayan gari ba."

Suka bi ta tsakiyar gari, ta gaban mai shayi, ta gaban rumfar Sabiru, tsohon yana jan ƙafa, Malam Uwaisu yana riƙe da gwiwar hannunsa. Hira ta mutu a duk inda suka gifta. Wasu suka durƙusa gaisuwa, wani ya tura wayarsa ƙarƙashin cinya.

A ƙofar gidan Hajiya Fanna, Liman ya tsaya yana mayar da numfashi.

"Kai za ka yi sallama," in ji shi.

Malam Uwaisu ya yi sallama. Dakan da ake yi a ciki ya tsaya. Aka ɗan jima, sannan muryar Hajiya Fanna ta zo ta kan katanga, a fili, ba ta ko rage ta ba.

"Tahira, je ki ce musu ba na nan."

Malam Uwaisu ya waiwayi Liman. Rana ta take, babu inuwa a ƙofar gidan. Tsohon ya gyara riƙon sandarsa, ya kafa ta a ƙasa sosai, kamar mai shirin daɗewa.

"Sake sallama," in ji shi.