Inuwar da Goggo Saude Take Dubawa

Na dawo daga Maroko da digiri da shiri guda. A can na yi shekara biyu a wata tashar lantarki cikin hamada, inda dubban madubai suke tara hasken rana wuri ɗaya, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji. Na ƙudura yin ƙaramarta a Bunkure, in riƙa sayar wa masu injin casar shinkafa wuta.

Fili nake buƙata. Muna da gonar gado, kadada biyu a bakin magudanar ruwa. Yaya Sunusi ke noma ta, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Da ita gidanmu yake ci. Na nuna masa zane. Bai gane ba, amma ya ce tunda ni na yi karatun, in tumatir ya ƙare ba zai sake shuka ba. Babu wanda ya musa mini.

Goggo Saude, ƙanwar mahaifinmu, sana'arta turara shinkafa da shanya ta. Ba ta yi zancen gona ba. Cewa ta yi ta ji ina da madubi mai dafa ruwa, in kawo mata, itace ya yi tsada. Ina da na gwaji guda, mai kama da katon faranti. Na kafa shi a tsakar gidanta.

Makon farko tukunya ta yi ta tafasa. Maƙwabta suka zo kallo. A rana ta tara aka yi zafi har rigata ta jiƙe, amma ruwan ko ɗumi bai yi sosai ba. Na ɗauko sifana na fara kwance ƙusoshi.

"Injiniya, bar wahalar da ƙarfe," in ji Goggo. "Dubi ƙasa. Ina inuwarka?"

Na duba. Tana nan, dishi-dishi, ba ta da baki. Sama ta yi fari fat.

Ta ce shekara talatin tana shanya, kuma rana iri biyu ce: akwai mai yanka inuwa, akwai mai dafa mutum kawai. Shinkafa tana bushewa a kowacce, ko da jinkiri. Madubina kuwa, ta lura, ta farkon kaɗai yake ci.

Na san wannan. Yana da suna a littattafaina. Sai dai alƙaluman da na yi lissafi da su na hamadar can ne. Ban auna na nan ba.

Na tambaye ta kwana nawa ake samun mai yanka inuwa a shekara. Ta bi mini watanni ɗaya bayan ɗaya. Daga fitowar hadarin farko har kaka, ta ce in cire rai.

"Ita ƙasar da suka shimfiɗa madubin a can, me take fitarwa?"

"Ba komai, Goggo. Duwatsu ne."

"To, tamu sau biyu take ba da abinci."

Na yi wata guda ina zuwa gidanta da hantsi, ina rubuta yadda inuwa take. Na sake lissafi da irin hasken ranar garinmu. Wutata za ta ninka ta faifan sola na kasuwa tsada, ban ma sa amfanin gonar da za a rasa ba.

Na je na ce wa Yaya Sunusi ya shuka shinkafarsa, in lokacin yafa iri bai wuce ba. Ya sunkuyar da kai. Ya ce ai irin ya kai dashe, yana gonar abokinsa Jaji. Goggo ce ta sa shi ya yafa tun makon da tukunya ta ƙi tafasa.

Na koma na durƙusa na yi mata godiya. Ta ce Allah ya yi albarka, in tashi in gyara ƙafar madubin, tana rawa, kuma yau inuwa da baki.