Jan Zare a Kunnen Hagu

Shagona yana hawa na biyu, saman kantin mai tayoyi, kuma shekara goma sha tara ke nan ba na gyara komai sai kayan sauti. Tsofaffin na'urorin faifan CD, na ƙananan kaset ɗin dijital da aka daina ƙerawa tun ina saurayi, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, da hedifon, abin saurare na ɗorawa a kunne, masu tsada waɗanda masu su ke hawo da su matakala kamar an ba su riƙon jariri.

Wata Talata da hantsi wani dogon mutum ya shigo da akwatin ƙarfe a hammata. Ban taɓa ganinsa ba. Ya buɗe akwatin a kan teburina, sai ga hedifon mai kunnuwan katako, irin wanda aka daina yi sama da shekara talatin. Iyakar sanina guda biyu ne kacal a garin nan: ɗaya wajen Likita, likitan haƙorin da ya fi kowa kawo mini aiki, ɗaya kuma wajen yayan matarsa, tsohon Alƙali.

"Wayar ce ke yankewa idan na juya kai," in ji Dogo. "An ce kai kaɗai za ka taɓa shi ba ka ɓata ba."

"Ina ka samo wannan, ranka ya daɗe?"

"Gwanjo. A ƙasar waje."

Da sauri ya faɗa, idonsa na kan taga.

Na cire matashin fatar kunnen hagu, na kwance sukurori huɗu, na ɗaga murfin. Hannuna ya tsaya. A jikin siririyar wayar da ke shiga ƙaramar sifikar ciki akwai ƙullin jan zare. Ni nake yin wannan ƙullin, don kada waya ta fizge inda na liƙa da dalma, kuma ban san wani mai gyara da ke yi ba. A jikin katakon ta ciki ga kwanan wata da fensir, rubutun hannuna, shekara biyu da suka wuce. Hedifon irin wannan guda ɗaya na taɓa buɗewa a rayuwata, na Likita.

Na mayar da murfin a hankali.

"Sai ka ba ni mako guda," na ce. "Irin wayar ba ta kusa."

"Mako guda a kan waya?"

"Idan kana sauri akwai masu gyaran rediyo a bakin tasha."

Ya dube ni, na dube shi. Ya rubuta lambar wayarsa a bayan kati ba tare da suna ba, ya sauka. Na leƙa ta taga har ya shiga wata farar mota, na rubuta lambar motar a tafin hannuna.

Likita mutum ne da ba ya bari ka taɓa kayansa sai ka wanke hannu. Da an sace masa wannan hedifon, da tuni garin nan kaf ya ji. Na kira shi, na fara da zancen wata na'urarsa da ke wajena, sannan na sako maganar kamar ba komai.

"Ya mai katakon nan? Yana nan lafiya?"

"Yau da safe ma na ji faifai biyu da shi kafin in fita. Me ya faru?"

"Babu. Tunawa na yi."

"Kai ba ka tuna abu haka kawai," in ji shi. "Ka zo Asabar."

Kwana uku ina juya abin a raina. Ko dai Dogo ɓarawo ne, ko Likita ya sayar yana ɓoyewa, ko kuma ni ne ƙwaƙwalwata ta fara wasa da ni. Sau uku ina sake buɗe kunnen nan ina duba rubutun. Nawa ne. Matata ta ce in kai wa 'yan sanda in huta. Na ce in kai musu me, zare?

Duk Asabar da la'asar ana zaman sauraro a gidan Likita, a wani ɗaki da ya toshe tagoginsa da labule masu kauri. Kabad ɗin gilashi ya cinye bango guda: hedifon goma sha huɗu kowanne a kan marataya, ƙarƙashinsu na'urorin faifai jere bisa shekarun da aka ƙera su, da wani baƙin akwati mai nauyin buhun siminti wanda aikinsa kawai ya juya lambobin faifai su zama sauti. Kujera ɗaya ce mai kyau a ɗakin, ta mai sauraro. Sauran mu kan benci.

Na riga Alƙali zuwa da gangan. Na wanke hannu, na roƙi Likita ya ba ni mai katakon. Ya saka faifan da muke gwaji da shi kullum, wata mata tana waƙa da garaya ɗaya tal a bayanta. Na rufe ido. Sautin yana da daɗi, ba ƙarya. Amma akwai wurin da matar ke jan numfashi kafin baiti na biyu, wanda a da nakan ji shi kamar a gefen wuyana. Yau yana can nesa. Sai dai na san kunne maƙaryaci ne idan zuciya ta riga ta yanke hukunci.

"Likita, ka bar ni in buɗe kunnen hagu."

"A kan me?"

"Minti biyu kawai."

"Na ce a kan me?"

Na gaya masa komai, tun daga akwatin ƙarfe har lambar mota. Ya ɗauko sukudirebansa da kansa, ya kwance sukurorin da hannun nan nasa na cire haƙori, ya ɗaga murfin. Babu zare. Babu fensir. Sifikar da ke ciki ma ba ta asali ba ce, ta wani samfuri ce da aka yi daga baya, an liƙa ta da dalma ƙatuwa kamar kashin kaza.

Ya daɗe yana kallon cikin kunnen. Da ya ɗago, ni yake kallo.

"Wa ya buɗe shi na ƙarshe?"

"Ni. Shekara biyu da suka wuce."

"Kwana nawa ya yi a shagonka?"

"Tara. Likita, me kake nufi?"

"Tambaya nake yi. Kwana tara a hannunka, yau kuma na asalin ya dawo hannunka, da labarin wani dogon mutum da ba shi da suna."

Mutumin da na yi wa aiki shekara goma sha ɗaya.

"Da ni na musanya, sai in hawo gidanka in ce ka buɗe?"

"Wanda ya ji tsoron za a gano shi yakan riga kowa kawo ƙara."

Muna cikin haka Uwargida, matar Likita, ta shigo da tiren shayi, yayanta Alƙali na biye da ita da sandarsa. Ta ga fuskokinmu, ta ga hedifon a buɗe a kan tebur, ta ajiye tiren.

"Wa ya mutu?"

Likita ya ba su labari, yana yi yana nuna ni da sukudireba. Ni kuwa Alƙali nake kallo. Da aka zo kan dogon mutum da farar mota, sai ya shiga gyara zaman gilashinsa, ya cire, ya goge, ya mayar.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ina naka mai katakon? Mun kwana biyu ba mu gan shi ba."

"Yana gida."

"Yaya," in ji Uwargida. "Dube ni. Yana gida?"

Alƙali ya zauna a kan benci. Ya ce ya rabu da shi wata uku da suka wuce. Dogo ɗan wani abokinsa ne, shi ya saya. Alƙalin ne kuma ya roƙi Dogo kada ya faɗi inda ya samu, domin bai son surukinsa ya ji ya yi ta yi masa dariya.

"Shekara guda kana kiran nawa gwangwani," ya ce da Likita. "Duk zaman da aka yi sai ka faɗa. Na gaji, na sayar."

"To ya aka yi nawa ya koma gidanka har ka sayar?"

"Wannan kuma ban sani ba."

Uwargida ta tafa hannu sau ɗaya, ta fashe da dariya har tana riƙe bakin kabad.

"Ni na sani. Wallahi na sani. Kun manta ranar da kuka ɗaure idanunku da ɗankwalina?"

Na tuna ranar, ko da yake ban zo ba, labarinta aka ba ni. Bara ne. Surukan biyu sun yi gardama a kan na wa ya fi, suka yarda a yi gwaji ido rufe. Lambobin da ke jikin hedifon ɗin sun goge tun da daɗewa, daga waje ba ka bambanta su. Uwargida ce ke ɗora musu ɗaya ta cire ta ɗora ɗayan.

"Sau goma ina musanyawa har na rikice," ta ce. "Da aka gama na ce, to wanne ne na wa? Kai Baban yara ka fizge ɗaya ka ce, wannan ne nawa, ko cikin dubu zan gane shi, ɗaya kuwa gwangwani ne. Ka rataye shi a kabad da hannunka. Yaya ya ɗauki wanda ya rage ya tafi."

Wuyan Likita ya kumbura. Shekara guda ke nan yana zaunar da baƙi a kujerar nan, yana ɗora musu gwangwanin surukinsa yana cewa su ji yadda sauti na gaskiya yake. Ni kaina na yaba sau biyu ko uku.

Ya juya kan Alƙali a hankali.

"Ka kai shi gida. Ka saka a kunnenka wata tara. Ba ka ji bambanci ba?"

"Kai da ka ce kunnenka ya fi na kowa ba ka ji ba, sai ni tsoho?"

"Amma bayan ranar nan ka daina kawo shi zaman Asabar."

"Saboda bakinka."

"Ko saboda kada Mai Gyara ya saka a kunne ya gane."

"Kana tuhumata ne a gaban ƙanwata?"

"Nawa ka sayar?"

Duk mun san abin da tambayar ke nufi. Mai sifikar asali ya ninka wanda aka yi wa canji kuɗi sau huɗu ko biyar. Idan da arha ya sayar, bai sani ba. Idan da tsada, ya sani.

"Cinikina ba ya cikin abin da ya shafe ka," in ji Alƙali. Ya ɗauki sandarsa, ya ce da ƙanwarsa ta gaishe da yara, ya fita bai sha shayin ba.

Likita ya rako ni har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Bai ba ni haƙuri ba. Ya dai ce akwai wata na'urar kaset da ke cin zare, zai aiko mini ranar Litinin. Sannan ya rage murya.

"Idan dogon nan ya zo, ka tambaye shi nawa ya biya. Kuma ka ce ina so in saya."

Dogo ya dawo ranar Talata. Na riga na canja wayar, aikin minti arba'in. Ya saka a kunne, ya juya kai hagu da dama, ya yi murmushi. Na gaya masa na san ba daga gwanjo ya fito ba, na kuma ba shi labarin yadda aka yi. Ya saurara har ƙarshe yana shafa katakon da babban yatsa.

"Ke nan nawa ne mai kyaun," ya ce.

"Naka ne. Mai shi na farko yana so ya saya."

"Ba na sayarwa ba ne."

"To nawa Baba Alƙali ya sayar maka?"

Ya rufe akwatin, ya danna maɓallansa biyu.

"Jiya da yamma ya kira ni," ya ce. "Ya ce za ka tambaya."

"Sai ya ce ka ce me?"

"Ya ce in gaishe ka."

Zaman Asabar bai mutu ba. Bayan mako uku Uwargida ta je da kanta ta ɗauko yayanta a mota. Yanzu kabad ɗin yana da kwaɗo, makullin yana aljihun Likita, kuma an daina gwajin ido rufe. Surukan suna gaisawa, suna gardama a kan na'urorin faifai kamar da. Amma ranar da Likita ya fita amsa waya ya bar mu mu biyu a ɗakin, na lura ya bar ƙofa a buɗe, kuma daga inda ya tsaya a baranda yana hango hannuwan Alƙali. Yana hango nawa ma.