Ciwon da Bai Kai a Zo Dubiya Ba

Ciwon ya kama Tela ne yana sunkuye a kan keke, yana haɗa hannun wata riga. Wani abu ya tsarga masa daga tsakiyar baya, ya bi haƙarƙarin hagu, ya zo ya tsaya a ƙirji kamar an ɗaure shi da waya mai zafi. Ya ja numfashi, abin ya ƙaru. Nan take ya yanke hukunci cewa zuciya ce. Tela dai bai yi karatun likita ba, amma ya sha ɗinka wa likitoci kaya, kuma a ganinsa hakan ya wadatar.

Kafin yamma labari ya gama dangi. Matarsa ta shimfiɗa masa zanin gadon da take ɓoye wa baƙi. Yayarsa, wadda ta daɗe ba ta taka gidan ba, ta fara kuka tun daga bakin titi don maƙwabta su shaida. Mijin 'yarsa ya zauna gefen gado yana yi masa fifita, can ya sassauta murya ya ce, "Baba, sabon keken nan na shago, mai lantarki ne ko?"

"Mai lantarki ne," in ji Tela da muryar mai barin duniya. "Lafiya?"

"A'a, kar dai ya yi tsatsa."

Gaskiya Tela ya ji daɗin kwanakin nan. Masu kayan da ke zaginsa kan saɓa alkawari suka riƙa aiko cewa kada ya damu da ɗinki. Ko tari ya yi, sai hannaye uku sun miƙo ruwa. Duk wanda ya ambaci asibiti, sai ya lumshe ido ya ce a bar shi ya cika a ɗakinsa.

'Yarsa ce ta ɓata komai. Ta tsayar da mota a ƙofar gida, ta ce ko ya shiga da ƙafarsa ko a ɗauke shi. A asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton baya. Likitar ta danna tsakiyar bayansa da yatsa, Tela ya kurma ihun da bai dace da mai cikawa ba.

"Baba, zuciyarka ta fi tawa lafiya," in ji ta. "Jijiya ce ta matse tsakanin ƙasusuwan bayanka, nan tsakiya. Ita ce ke bin haƙarƙari ta zagayo gaba, shi ya sa kake jin zafin a ƙirji."

"Likita, ki sake dubawa."

"Ba ka yi murna ba ne?"

"Na yi. Sai dai mutane sun riga sun taru."

Da suka dawo, yayarsa ta saurari bayanin baki buɗe. "Jijiya? Wato a kan ciwon baya ka tara mu? Ni da nake fama da baya tun haihuwar autana, wa ya taɓa yi mini fifita?" Ta rataya jakarta ta fita. Kafin a rufe ƙofa, masu kaya sun tuna da kayansu.

Shi kuwa ciwo yana nan daram, don bai ji labarin an rage masa daraja ba. In Tela ya yi atishawa, sai hawaye sun zubo masa, matarsa ta leƙo ta ce, "Sannu, mai jijiya." Ya riƙa zuwa gashin ƙashi shi kaɗai, yana shan magani, ya ɗaga teburin yanka ya daina sunkuyo. Lokaci-lokaci ya kan tashi ya ɗaga hannu ya kama saman ƙofar shago ya miƙe baya, masu wucewa su ɗauka gaisuwa ce su ɗaga masa hannu. Sai da aka yi watanni zafin ya lafa.

Wata safiya mai gyaran takalmi na kusa da shi ya leƙo, dafe da haƙarƙari, ya ce wani zafi ne ke zagayo masa daga baya.

Tela ya ajiye almakashi. "Rufe shago ka tafi asibiti yanzun nan, su duba zuciyar tukuna," ya ce. "In suka ce jijiya ce, ka gode wa Allah, amma kar ka kuskura ka gaya wa mutanen gida."