Ramin Duwan

Wanda ya ga Magama yanzu, da manyan motoci jere tun daga shingen kwastan har inda ido ya tsaya, ba zai yarda an taɓa yin wurin shan iska a nan ba. An yi kuwa. Lambun Ɗantala ake ce mashi, kuma shi ne na farko a wannan yanki, tun kafin a gina dam ɗin Jibiya.

Shi Ɗantala ba mai dukiya ba ne. Mai gyaran keke ne da Allah ya ɗora ma son dabbobi. Wani Buzu ya kawo mashi gyara, da zai tafi ya bar mashi ɗan jimina. Daga nan sai barewa biyu, sai wani biri ɓarawon hula, sai kada wanda ya gina ma ɗan tafkin siminti can ƙarshen fili. Ya dasa darbejiya da mangwaro, ya rataya sarƙar mota a reshe ta zama lilo. Ranar Sallah ka ga mutanen Bugaje da na Kusa, har da na tsallaken iyaka, sun cika wurin da sababbin kaya, ana ta ihu in jimina ta miƙo wuya. Matarshi Hasiya na zaune bakin ƙofa da tulun zoɓo, kowa ya shiga ya wuce ta gabanta.

Kunkurun ne ya zo daga baya. Wani direba ya kawo shi daga can arewa cikin Nijar, ƙato, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Direbobi suka sa mashi suna Duwan, wato yadda mutanen Nijar ke kiran kwastan, don in ya tsaya a tsakiyar hanya ba mai wucewa sai an miƙa mashi ɗan ganye.

Da Ɗantala ya rasu, lambun ya bi shi a hankali. Jimina ta haɗiye waya ta mutu. Barewa aka sayar. Shi ma kadan ya kwanta wata rana bai tashi ba. Duwan kaɗai ya saura, kuma shi ya riƙe gidan. Shekara da shekaru iyaye na kawo yara su hau bayanshi, su ajiye ma Hasiya abin da ya samu, da shi ta ciyar da marayu har suka yi ƙafa. Ita kuwa Hasiya ba ta manta alheri, ko na mutum ko na dabba. Ko da mutane suka daina zuwa, wuri ya koma kango da ciyawa, duk Juma'a sai ta ɗauki buta da ganyen yakuwa ta tafi.

Ita kaɗai ta san al'adarshi. In bazara ta shigo, zafi ya yi zafi, Duwan ba ya zama sama. Yana da rami a ƙarƙashin tsohon tafkin kada, bakinshi cikin ƙaya, ya shige can ciki ya yi lamo har sai ruwan fari ya sauka. Ita dai ta zuba ruwa a bakin ramin, ta ajiye ganye, ta koma gida.

To, ga Rabe. Shi ne ɗan farin Hasiya, kuma an san yadda ake da ɗan fari. Tun da aka yaye shi aka kai shi Bugaje wurin kakanninshi, can ya girma, lambun ubanshi sai dai ya zo Sallah kamar kowane baƙo. Hasiya ba ta taɓa kiran sunanshi ba. Ba ta taɓa zama sun yi hira ba. Shekara hamsin da biyu, in ya zo gaisuwa ya durƙusa bakin ƙofa, ita ta juya fuska gefe ta amsa a gajarce. In akwai magana, sai a nemi Mufida, autarta, wadda ke aure a gidan da ke jikin nasu. Mata na yaba ta a kan haka. In ana zancen kunya a unguwa, da ita ake misali, ita ma kuma tana jin daɗin hakan.

Da aka buɗe iyaka motoci suka dawo, Alhaji Abdulbaƙi mai tireloli ya nemi filin don ajiye motocinshi. Rabe ya zo da maganar, ya durƙusa inda ya saba, Mufida na tsakani tana ɓare gyaɗa.

Hasiya ta dubi bango ta ce, "Ki gaya ma yayanki, fili nasu ne, ban hana ba. Amma a jira ruwan fari. Akwai mai haƙƙi a wurin."

Mufida ta ce, "Yaya, ka dai ji da kunnenka. Ni na gaji da zama tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushiya. Wai a jira tsohon saurayinta Duwan."

"Ke, rufe mani baki, marar ta ido."

Rabe ya yi murmushi ya ce, "Ba komai. Za a ɗauko shi a kawo gida kafin a taɓa komai."

Ya kuwa yi niyya. Kwana biyu yana zagaya kangon, ya duba gindin kowace darbejiya, bai ga kunkuru ba. Mai shayin bakin hanya ya ce mashi ai tun watan jiya wasu mutanen Maraɗi suka tsaya da mota a nan, ƙila su suka yi gaba da shi. Mai shayi bai ga komai ba, baki ne kawai da ba ya iya cewa ban sani ba. Rabe ya yarda. Ya ce a ranshi ba zai kai ma tsohuwa wannan labari ba, a bari a gama aiki, in ya so a gaya mata a hankali.

Ranar Laraba bayan la'asar ya yi sallama. Mufida ba ta nan, ta tafi bikin suna a Kusa, sai jibi. Su biyu kawai, da kaji.

"Inna, gobe in Allah ya kai mu katafila za ta shiga."

Hasiya ta ƙura ma bango ido. Maganar na nan a bakinta, guda ɗaya: yana ƙarƙashin tafkin kada. Amma faɗinta sai ta juyo, sai ta dube shi, sai ya yi tambaya ta ba shi amsa, a yi ta kai da komo kamar ita da ƙawarta. Ta gyara mayafi ta ce ma bango, "Ruwa dai bai sauka ba."

"Shi ya sa Alhaji ke sauri. In ya sauka aiki ya ɓaci."

Ya jira ko za ta ƙara. Ita ma ta jira ko zai ambaci kunkurun, ta samu inda za ta rataya maganar. Ya ce a tashi lafiya, ya sa takalmi.

Bayan fitarshi ta yi ta ba kanta haƙuri. Fili ne babba. Daga bakin titi za su faro, tafkin yana can ƙarshe, kafin su kai gare shi Mufida ta dawo. Ta aika maƙwabciya ta kira wayar Mufida, aka ce ba ta shiga. Ta ce ba komai, jibi ba nisa.

Washegari da hantsi Salmatu mai fura ta leƙo, ƙwarya a kai.

"Inna Hasiya, ba ki je kallo ba? An fara da tafkin mijinki. Wai da ɓaraguzanshi za a cike kwarin baya."

Hasiya ba ta san sa'ar da ta fita ba. Takalmi ɗaya nata, ɗaya na Mufida. Ita da ba ta hawa babur, ta tare ɗan kabu-kabu ta ce, "Magama, ɗana, kada ka tsaya ko wa ya tsai da kai."

Ta tarar da wurin ba ta gane shi ba. Rabin itatuwa a ƙasa. Katafila ta riga ta ture bangon tafkin, tana ja da baya ta sake hawa. Tifa biyu na jira da jan marmara. Rabe na can tsaye kusa da Alhaji Abdulbaƙi, ya ba ta baya, yana nuna ma direba da hannu.

Ta ɗaga murya: "Kai! Kai wannan!"

Wa zai ji? Wurin cike da maza, kowa wannan ne. Ta ƙara matsawa, ƙafa na nutsewa cikin ƙasa. "Yayan Mufida! Baban Mudathir!" Ƙarar inji ta haɗiye. Ta ga katafila ta sake hawa kan wurin ƙayar nan, daidai bakin ramin, ta tsaya da duk nauyinta ta murza.

"Rabe!"

Ko ita ba ta san tana da irin wannan murya ba. Ya juyo kamar an watsa mashi ruwan zafi. Ya ɗaga hannu biyu, direba ya kashe inji. Wuri ya yi tsit, har ana jin hon ɗin motoci can wajen shinge. Wata mai ƙosai ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha, ɗan fari ta kira."

Hasiya ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Yana ƙasa. Nan ƙarƙashin inda motar ke tsaye. Duk bazara nan yake shiga."

Rabe bai tambayi komai ba. Ya tuɓe riga ya karɓi shebur a hannun wani lebura. Alhaji Abdulbaƙi ya fara cewa, "Haba Malam Rabe, a kan kunkuru za mu tsai da..." sai ya dubi fuskar tsohuwar, ya haɗiye sauran, ya ce ma yaranshi su kama.

Aka ja katafila baya. Aka yi ta haƙa. Ramin ya rufta, sai bin sawunshi ake da hannu, ya yi nan ya karkata can. Rana ta take. Aka yi azahar aka dawo. Hasiya na tsugune a gefe, an kawo mata kujera ta ƙi, an kawo ruwa ta ƙi. Sai can wani lebura ya ce shebur ya taɓa wani abu.

Mutum huɗu suka fiddo shi. Ƙoƙon bayan ya tsage tun daga wuya har ƙasa, ƙasa ta cika mashi hanci da baki. Wani ya zuba mashi ruwa, wani ya ja ƙafar ko za ta motsa. Ba ta motsa ba.

Hasiya ta sa gefen mayafinta ta share mashi fuska. Ƙoƙon bayan nan ya yi santsi, gwiwoyin yaran Jibiya na shekara arba'in suka goge shi.

Rabe ya zauna a ƙasa kusa da ita, jikinshi duk jan ƙasa, tafin hannu ya sale.

"Inna, jiya na zo. Mi ya hana ki gaya mani?"

Da a jiya ne, da bango za ta ba amsa. Ta ce, "Kai mi ya hana ka ce ba ka gan shi ba?"

"An ce mani an sace shi. Na ji tsoron ranki ya ɓaci."

"Ni kuma kunya. Ga ta nan kwance, ka gan ta." Ta shafa bayan kunkurun ta ce, "Ya ciyar da ƙannenka duka. Abin da na iya yi mashi ɗaya ne, in buɗe baki. Ban yi ba sai da ya gama amfani."

"Laifina ne, Inna."

"A'a. Kada ka ɗaukar mani kayana."

Suka haƙa mashi wuri a gindin darbejiyar da ta saura kusa da katangar baya, Alhaji ya ce wannan ba za a sare ta ba. Rabe ne ya mai da ƙasa. Da ya gama ya tsaya riƙe da shebur, ya ce a hankali, "Ni ko hawanshi ban taɓa yi ba. In na zo Sallah kina bakin ƙofa, sai in tsaya waje."

Wannan ba ta sani ba. Ta tuna wani yaro mai sabuwar hula da ke raɓewa jikin shinge, ita kuma tana kau da kai don kada mata su ce ta dube shi.

Direban katafila ya matso yana sosa ƙeya. "Yallaɓai, rana na tafiya. A tada ko a bari?"

Rabe ya dubi uwarshi.

Ta ce, "Ku tada. Ba sauran kowa a ƙasa."

Ta miƙe da ƙyar, gwiwa ta riƙe. Ya miƙo hannu, ta ɗan yi jim, sannan ta kama. Suka nufi titi a hankali, inji ya tashi a bayansu.